Likita Torunn da Jirgin Safe na Tsibirinmu

Tun farin hazo bai ɗaga daga kan teku ba za ka ga Likita Torunn Eilertsen a bakin gaɓa da hularta ta ulu, ɗaliban likitanci na biye da ita suna hamma. Ni ke sayar da kofi a jirgin ruwan da ke ƙetarar da mu birni da safe, don haka ganau ce ni, ba jiyau ba. Takan rarraba su cikin fasinjoji, ta ce kowa ya kama bakinsa ya buɗe kunne. Jirgi na lilo a hankali, tsuntsaye na bin mu, tsofaffi na hirar ciwon gwiwa da 'ya'yan da birni ya cinye. Wani sa'in sai in ga kamar mafarki ɗaya muke yi gaba ɗayanmu. Ita kuwa cewa take likitan da bai san yadda mara lafiya ya iso gabansa ba, rabin ciwon ya gani.

Sai ga shekarar da majalisar gunduma ta ce za ta soke jirgin safe. Halvard, tsohon masunci, da shi yake ƙetarawa asibiti wankin ƙoda. In aka soke, dole ya bar gidansa ya koma gidan tsofaffi a birni, ya kuwa rantse gara a jefa shi teku. Ɗalibin da aka haɗa shi da Halvard, Sindre, wanda tsohon ke tsokana da cewa ko kifi bai iya riƙewa ba, ya ɗauki abin da zafi. Ya shirya jawabi, ya yi ta bita a gabana har na haddace.

Ranar zaman majalisa ya yunƙura zai miƙe, Torunn ta jawo rigarsa.

"Zauna. Ƙodar Halvard ke ciwo, ba bakinsa ba."

Wallahi haushinta ya kama ni. Yaro ya yi wahala, ga Halvard ba gwanin magana ba. Tsohon ya tashi da ƙyar. Sai ya naɗe hannun riga, kowa ya ga tabon allura.

"Ban zo neman tsawon rai ba," in ji shi. "So nake in sun gama da ni in dawo gidana." Ya waiwaya. "Kai yaro, gaya musu abin da ke faruwa da huhuna in na yi fashin rana guda."

Sindre ya faɗa a taƙaice yadda ruwa ke taruwa a huhun in ba a wanke ƙodar ba. Ba a soke jirgin ba.

Torunn, ke ce inuwar da ba ta tare wa kowa rana. Ke kika koya wa yaran nan cewa tsaya wa mutum daban, tsayawa a gabansa daban. Ga shi kin ajiye aiki, ni dai kewarki ta riga ta kama ni. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku da ke rainon likitocin gobe, ku fito da su su zauna cikin mutane kamar yadda ta yi, ba za ku yi da-na-sani ba.

Halvard ya ce in gaishe ki. Jiya ma a gadonsa ya kwana, taga a buɗe, yana jin teku.