Sharar Allon Kawu Habu

Ku da kuka san Kawu Habu kun san allon nan na zaurensa a Gagarawa. Ba na katako ba ne, bango ya shafe da siminti ya goga masa baƙin batir, faɗinsa bai wuce tabarmar salla ba. Duk aikin da ya ɗaukar wa kansa a duniya yana jikin allon nan da manyan baƙaƙe: darasin 'yan aji shida, duba aikin malamai, ajin yaƙi da jahilci, taron iyayen yara, gona, karɓo magani a Gumel. In allo ya cika, to, Kawu ya cika. Ko wane ne kai sai ka jira.

Sau ɗaya a shekara wuri yake samuwa. In bazara ta yi nisa, manoma sun fita sharar gona, shi ma sai ya fito da bokiti da tsumma ya ce zai yi tasa sharar. Yakan tsaya gaban allon, hannu a baya, yana tambayar kowane layi me ya tsinana bara. Wanda bai gamsar da shi ba, tsumma. Dalilin da yara suka sa masa Malam Tsumma ke nan. Ya san da sunan, bai taɓa damuwa ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, Sabo mai faci na Gagarawa Tasha. Boko na ɗan taɓa, a aji biyu na sakandare na ajiye, kuma har yau masu takarda kallon tsohuwar taya suke yi mini. Abin da ya haɗa ni da allon, 'yata ce Zinatu. Ta kai aji biyar a firamaren wajenmu, tana rera duk abin da aka rera a aji, amma in ka miƙa mata littafi sai ta zuba masa ido tana jiran wani ya fara. Baƙi da wasali ba ta iya haɗawa. Jarrabawar shiga sakandare tana tafe, na kuma san in ta faɗi ta biyo sawuna ke nan. Ni na san inda sawun nan yake ƙarewa: gindin bishiya, da gam da famfo.

Da kaka na je na same shi, na ce ya riƙa koya mata bayan la'asar. Ga kawun uba hedimasta guda, ai ban ga abin tsayawa dogon roƙo ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya nuna allon da haɓa.

"Ka ga wuri?"

Na ce ya ɗan rage girman rubutun mana, ai layi ɗaya ne. Ya tambaye ni in ya ƙanƙanta rubutu, rana za ta ƙara tsawo ne? Na ce to zan kawo siminti in faɗaɗa masa allon. Ya ce in haɗo da wanda zan faɗaɗa masa yammar. In jira shara, in ji shi.

Na fito ina ƙunƙuni, amma ban yi mamaki ba, don na ga yadda ya yi da waɗanda suka fi ni.

Kawu ba ya goge aiki a ɓoye. In ya share ka, sai ya hau kekensa ya zo har ƙofar gidanka ya gaya maka. Wata shekara ya share kansa daga sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa, ya je ya sami shugaban, Alhaji Ɗanjuma, yana tsakiyar mutane. Alhaji ya tambayi laifin da aka yi masa. Kawu ya ce babu laifi, ya dai duba abin da ya rubuta shekara guda bai ga an yanke komai ba sai ranar taro na gaba. Alhaji ya gyara malum-malum, ya ce wannan babbar magana ce, dole a kira taro a kanta.

"Ku kira," in ji Kawu. "Ni dai ba na ciki."

A makaranta ma haka. Kun san yadda ake jera yara a rana tun hantsi in wani babba zai zo daga ofishin ilimi. Kawu ya share wannan. Ranar da babban ya zo da motoci, bai tarar da kowa a bakin hanya ba sai awaki. Ya shiga ciki ya iske hedimasta a aji yana koyar da lissafi. Kawu ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi kujera a bayan aji, ya ce ranka ya daɗe a yi haƙuri, tarba ta fita a sharar bana. Ba a jima ba aka mayar da shi wani ƙauye can bayan Sule Tankarkar, inda mota ba ta zuwa in damina ta zauna. Mutane suka zo jaje. Ya ce su yi masa barka dai, an kai shi inda baƙo ba ya zuwa. Sai da suka rasa mai riƙe makarantar nan suka dawo da shi.

Mutum ɗaya ce ta taɓa kayar da shi, matarsa, Inna Lami. Gyaran rufin madafarta ya daɗe a allon, damina bayan damina. Wata sharar ya goge shi, ya ce aikin da ya zauna haka ba a yi shi ba, kuma ba wanda ya mutu, ba aiki ba ne, ado ne. Da ruwan farko ya sauka sai Inna ta shimfiɗa masa tabarma a cikin madafar, daidai inda ke yoyo, ta ajiye masa tuwo. Ta ce daga yau nan ne wurin cin abincin maigida. Ya ci, ruwa na ɗiga a miya. Kafin mako ya zagayo an ga hedimasta a kan tsani da kwanon rufi.

To, da irin wannan mutum nake jiran alfarma. Rani ya wuce ina kallon Zinatu tana rera abin da ba ta iya karantawa.

Ranar shara na rufe rumfa na zo na zauna a zaure. Ya goge ɗaurin auren nesa, ya ce addu'a daga Gagarawa ma tana isa Maigatari. Ya goge wani kwamiti. Raina ya fara yin fari. Sai kuma ya ɗauki alli ya cike guraben da wasu sababbin malamai da aka turo masa, waɗanda ya ce su ma sai an koya musu koyarwa. Allo ya sake cika, ba Zinatu. Na miƙe zan fita, don na san in na buɗe baki za a ce ɗan ƙanwa ya yi wa kawu rashin kunya. Ya ce in zauna, bai gama ba.

Ya daɗe yana kallon layin ƙasa, na karɓo magani. Kawu yana da hawan jini, duk ƙarshen wata yakan tafi Gumel karɓo magani, ya wuni a layi, sauran makon kuma ya yi ta cike giɓin aikin da yamma. Kawai sai na ga ya ɗora tsumma a kai. Ya rubuta sunan 'yata a wurin.

"Kawu, maganinka fa ka goge."

"Ban goge magani ba, tafiyar na goge. Kai za ka riƙa yi."

Ya ce awon jini ana yi a nan cikin gari, abin da ya rage kati ne da layi, kuma layi bai san hedimasta ba, bai san mai faci ba. Na ce ai ni ma ina da aiki, wuni guda ba rumfa ba wasa ba ne. Ya ce in nuna masa allona ya ga cikarsa. Na ce ni ina na ga wani allo.

"To, ba ka cika ba."

Haka na zama ɗan aiken asibiti da furfurata. Duk ƙarshen wata in hau mota zuwa Gumel da katinsa a aljihu, in zauna cikin tsofaffi ana hirar ciwon gwiwa. Ba zan ce da daɗin rai na yi ba, ban yi da daɗin rai ba. Ita kuma Zinatu ya mayar da ita farko kamar 'yar aji ɗaya. Ya hana ta rerawa, sai ta ɗora yatsa a kan baƙi ta faɗi sunansa. Makon farko kullum da kuka take dawowa. Na je in yi magana, ya ce in na iya in karɓa. Na dawo.

Kafin shekara ta zagayo yarinyar nan ta ishe mu. Kwalin ashana, bayan mota, buhun taki, ba abin da take bari. Ta zauna jarrabawa ta ci, yanzu haka tana sakandare. Ranar da sakamako ya fito na tafi da saurina na gaya masa, ina jiran ya ce wani abu da za a riƙa tunawa. Ya ɗago kai daga aikin da yake dubawa ya ce, "Madalla. Ka karɓo maganin?"

A daminar nan ya rasu, ranar wata Laraba, bayan ya taso daga makaranta. Ban yi kuka a maƙabarta ba, kun gan ni. Amma da ƙarshen wata ya zo na tashi da safe na hau motar Gumel, na shiga layi, har matar da ke taga ta kira Habu na ce na'am. Sai da na miƙa hannu sannan na tuna ba mai sha. Na ce mata ta yi haƙuri, na koma kan benci na zauna cikin tsofaffin nan, ban tashi ba sai da aka kira azahar.

Allah ya jiƙan Kawu Habu, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa. Allah ya ba shi hutun da bai taɓa sama wa wuri a allonsa ba. Amin.