Rabin Waƙar da Na Bi Har Babura

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina mai tsohuwar motar da ba ta tashi sai an lallashe ta. Damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a gefen titi, gero da dawa sun fi mutum tsawo.

Masu bibiyata sun san ciwona, wato tara tsofaffin faya-fayan garmaho. Maiɗakina har ta gaji da cewa na mayar da ɗakin baƙi bola. To, a cikinsu akwai ɗaya da ya hana ni sakat. A wajen 'yan gwangwan na tsinto shi. Kiɗan sol ne, irin kiɗan baƙaƙen Amurka da ya ci kasuwa a otal-otal na Sabon Gari lokacin da iyayenmu suke samari, ga gita, ga ƙaho, ga ganga. Amma da Hausa aka rera shi. Wani saurayi ne yake yi wa mahaifiyarsa ban kwana, yana ambaton duwatsun Kazaure. Yana cewa zai faɗa mata abin da ya sa zai tafi ke nan, sai allura ta faɗa inda faifan ya kankare, daga nan sai ƙara. Babu sunan mawaƙin a jiki. Na daɗe ina cigiya, har wani dattijo a Sabon Gari ya ce min wanda ya buga gangar yana Kazaure yana gyaran rediyo. Abin da ya fitar da ni ke nan: in ga mai muryar nan, in ji ƙarshen waƙar.

Titin Kazaure ba laifi, man fetur ne ya ci mana mutunci. Abokina yana kallon allurar mai yana salati tun daga Dambatta. Muka shiga Kazaure da hantsi, duwatsun sun yi kore shar, 'yan acaba da adaidaita sun cika bakin tasha. Nan muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai tuyar ko na yara ta ba mu. Ta ce in je in tambayi masu wake.

Mai gyaran rediyon, Baba Sande, ɗan ƙabilar Ibo ne, amma ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shagonsa cike yake da matattun rediyoyi da masu su ba su dawo ɗauka ba. Na kunna masa waƙar a waya, domin na naɗe ta kafin mu taho. Ya cire tabarau ya ajiye, ya kasa kunne har ta katse.

"Ni ne a ganga," ya ce.

Ya faɗa min sunan mawaƙin. Ba zan rubuta shi ba, za ku ji dalili a gaba. Ya ce ɗan babban gida ne, mahaifinsa yana cikin masu yi wa hakimi aiki, kuma a irin gidan nan in aka ji ɗa yana kiɗa a otal, shi ke nan ya zama maroƙi, ya zubar da mutuncin dangi. Shi ya sa da kansa ya hana a sa sunansa. Da faifan ya fito aka ba mawaƙin kwali guda cike da faya-fayan, ba a jima ba mahaifinsa ya aiko a taho da shi, kuma tun ranar shi da Baba Sande ba su sake haɗuwa ba. Faifan da Baba Sande ya samu kuwa ambaliya ta tafi da shi. Na roƙe shi ya tuno min ƙarshen waƙar, sai ya yi dariya ya ce a lokacin Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, shi dai hannunsa yake bi. Garin mawaƙin ma bai tabbata ba, ya ce ko Gwiwa ko Roni.

Muka fara da Gwiwa. Hanya ta jiƙe, sau biyu muna fita muna tura mota. Aka kai mu wajen wani mai irin sunan, ashe manomi ne da bai taɓa kwana a Kano ba. Ya yi mana kallon mutanen da ba su da aikin yi, kuma ban ga laifinsa ba. Abokina ya ce mun zo Gwiwa, gwiwa ta yi sanyi. Shi kaɗai ya yi dariya.

A Roni muka dace, bayan azahar. Gidan yana gindin dutse, rabinsa ya zama kango. Ƙanwar mawaƙin ce ta rage a ciki, tsohuwa mai fara'a. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura da nono mai sanyi, irin wadda ba a samu a Kano ko da kuɗinka. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, ko akwai sauran faifai a gidan nan?"

"Faifai? Ai sai dai ka zaɓa, ɗan nan."

Ta shiga ciki, ta fito da tuli a hannu, ta baje mana faya-fayan rufe ƙwarya, saƙar kaba, masu ja da kore. Ashe sana'arta ke nan, ta ɗauka masu sari ne suka zo daga birni. Abokina ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na ce mata ba irin wannan ba, baƙi nake nufi, mai rami a tsakiya, wanda yayanta ya zo da shi daga Kano.

"Au, baƙaƙen nan!" ta ce. "Ai mun more su."

Ta ba mu labari hankalinta kwance. Da yayanta ya dawo, mahaifinsu ya ce kada ya sake ganin kwalin, sai aka tura shi ɗakin mata. Su kuwa an ce musu faifai ne, kuma aikin faifai rufi. Suka rufe tulu, suka rufe ƙwaryar fura, suka rabar wa maƙwabta. Yara suka yi gare-gare da wasu. Ta ce aibinsu ɗaya, ba sa son rana, nan da nan sai su lanƙwashe. Babu wanda ya taɓa jin abin da ke cikinsu, domin babu garmaho a unguwar. Ta ɗauko min wanda ya rage a kan randarta. Ya kumbura kamar kasko, layukan sun shafe sumul. Na riƙe shi, wallahi ƙwalla ce ta cika min ido. Ita kuma ta ga na damu, sai ta ce in tafi da shi, tana da murfi.

Muna shirin tashi ta ce ai yayan nata yana nan da ransa, yana Babura wajen 'yarsa. Na ji kamar an sauke min kaya.

Muka kwana a Kazaure, da safe muka bi ta Achilafiya zuwa Babura. Garin ya cika da motocin hatsi da na dabbobi, mutanen Nijar suna ciniki, ana lissafi da naira ana juyawa da sefa. Abokina ya tsaya cin balangu yana mitar tsada, ni kuwa ko loma ban iya kaiwa baki ba. Neman gidan bai yi wuya ba. Da muka faɗi sunan sai aka ce, "Ladan kuke nema?" Ashe shekara da shekaru shi yake kiran salla a masallacin unguwar, sai da tsufa ya kama muryar ya bari.

Muka same shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, farin gemu, carbi a hannu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na ambaci Baba Sande. Ya dube ni, ya dubi ƙofar gidan, sannan ya ce in kunna amma in rage murya.

Ya saurara idonsa a rufe. Carbin ya tsaya a hannunsa. Da waƙar ta katse ya buɗe ido ya ce, "Ina sauran?"

"Ranka ya daɗe, shi na zo nema a wajenka."

Ya motsa baki, ya ɗan rera a maƙogwaro, ya koma farkon baitin, ya zo daidai wurin ya tsaya. Ya sake gwadawa, ya sake tsayawa a nan. Can ya girgiza kai.

"Yaro, tun da na dawo gida nake roƙon Allah ya mantar da ni wannan abu. Har a gaban Ka'aba na roƙa. To, ya amsa."

Na tambaye shi ko ya tuna abin da yake son faɗa wa mahaifiyar tasa a waƙar. Ya ce ta rasu ba ta san ya taɓa yi mata waƙa ba, kuma shi ma yanzu bai san me ya ce mata ba. Sannan ya kama hannuna ya ce 'ya'yansa da jikokinsa ladan suka sani, in bar su a haka, kada in rubuta sunansa ko bayan ransa. Na yi masa alkawari.

A hanyar dawowa abokina bai yi tsokana ko sau ɗaya ba. Muka shigo Kano ana kiran magariba, maiɗakina ta dubi fuskata, ta kawo min ruwa.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne. Da ina zargin rana da ƙasa da 'yan gwangwan da cinye mana tsofaffin waƙoƙi. Yanzu na gane mu ne. Muna son waƙa, amma ba ma son mawaƙi ya fito daga gidanmu, kuma mukan matsa masa har shi ma ya taya mu binne ta. Ban san sauran nawa ne irinsa suke zaune a gindin bishiya a garuruwan nan ba, kuma gaskiya na karaya da nemansu. Wannan dai na same shi da ransa da hankalinsa, na zauna gab da shi, kuma iyakar abin da ya sani na waƙarsa shi ne rabin da na kunna masa.