Ruwan Ɗumi Don Masu Rakiyar Shanu

Tuwo nake sayarwa a ƙofar gidanmu a Agege, kusa da tashar jirgin ƙasa, zamanin Turawa. Yawancin masu ci 'yan rakiyar shanu ne daga Arewa. Kwana da kwanaki suke yi tsaye cikin tarago, suna tada duk saniyar da ta kwanta kada a tattake ta. Kafin su iso Ikko ƙafafunsu sun kumbura suntum.

To, ni kafin tuwo sai in ajiye wa mutum ruwan ɗumi da ɗan gishiri a kasko, ya tsoma ƙafa. Kyauta ne. Akwai wani dattijo mai barkwanci, kullum sai ya ce, "Uwar gida, miyarki ba ta kai ta gidana ba, don ruwan nan nake zuwa."

In ce, "To Baba, sha ruwan ka bar mini tuwona."

Wata rana da hantsi abokan tafiyarsa suka kawo shi a kan ƙyaure. Shanu sun taka shi a tarago. Ba shi da kowa a Ikko, ga shi baƙon da ba mai karɓar gawarsa hukuma ke binnewa, ba wanka ba salla. Da suka tambaye shi ina za a kai shi, cewa ya yi, "Gidan mai ruwan ɗumi."

A zaurenmu ya cika kafin azahar. Maigidana ya tara maƙwabta, aka yi masa sutura. Ni na ɗora ruwan wankan, a tukunyar da na saba. Wannan karon ban sa gishiri ba.