Hindu Mai Ƙyanƙyami da Naman Salla

Duk wanda ya san Hindu ta unguwar Gidan Dahala ya san ta da abu biyu, tambaya da ƙyanƙyami. Tambayar sana'a ce, da girmanta ta koye ta. Ƙyanƙyamin kuwa da shi aka haife ta. A Wamakko, gidan mahaifinta Malam Siddiƙu mai karantar da manya bayan la'asar, har yau tsofaffi suna ba da labarin yarinyar da ta wuni da yunwa don ta ga mai dama fura ta sosa kai. Tana da moɗarta, tana da kwanonta. In wani ya kuskura ya sha ruwa da moɗar, ranar za ta sha dirza da toka har ta kusa hujewa. Uwarta ta yi faɗa, ta yi duka, ta karɓo mata rubutu, duk a banza. Hancinta kuwa sai dai a ce Allah ya sauwaƙe. Tana daga zaure za ta gaya maka miyar gidan ta kwana, kuma ba a ɗumama ta da kyau ba.

Aure ya kawo ta birni, gidan Bawa mai sayar da gero. Bawa mutum ne mai haƙuri, ya yi ta wanke hannu yadda aka umarce shi har Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ta da 'ya'ya da ɗan karatun sakandaren da ta yi kafin aure, kuma karatun nan ne ya samo mata aikin shiga gida-gida. Maza ba sa shiga gidajen matan aure, saboda haka duk ƙungiyar da ke son sanin abin da ke bayan zaure dole ta nemi mace mai hankali wadda ta iya karatu. Hindu ta tambayi mata ko suna rataya gidan sauro, ta tambaye su inda suke ɗebo ruwa, ta leƙa bayan gidan mutane tana toshe hanci da gefen mayafi. Ikon Allah, macen da ba ta zama kan tabarmar wani sai ta kakkaɓe, ita ce abincinta ya faɗa cikin ɗakunan mutane.

A duk shekarun nan ba ta taɓa sa loma a gidan kowa ba. In an kawo mata abinci sai ta sa albarka ta ce cikinta ba ya karɓa, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ta gada wurin Malam Siddiƙu ke nan: ba ta ƙarya, ba ta rubuta abin da ba a gaya mata ba, ba ta kuma sa wa mutum magana a baki. Mata sun saba da halinta. Sukan miƙa mata kwano don fita hakkin baƙo, su janye abinsu suna dariya.

Aikinta na baya-bayan nan da wata ƙungiya ne mai ofis a Sama Road, wadda ke koya wa matan talakawa yadda za su ciyar da ƙananan yara. Akan tara su a rumfa, a ɗaga hoton kifi, a ɗaga hoton ƙwai, a ɗaga hoton gwanda, su kuma su amsa da murya ɗaya kamar 'yan Islamiyya cewa yaro ya ci abinci iri biyar kowace rana. Hindu ba ta ƙi karatun ba, gaskiya ne. Abin da ke tayar mata da zuciya shi ne ta ga macen da ba ta ɗora tukunya ba tun jiya tana tafa wa hoton kifi. Abu ɗaya mai amfani da ake fita da shi daga rumfar shi ne garin kunu, haɗin gero da waken suya da gyaɗa, wanda ake ba kowace uwa ƙulli guda duk wata. Don garin nan suke zuwa. Kowa ya sani, har masu ɗaga hoton.

Cikin matan akwai Mariyatu, matar wani mai tura ruwa da ciwon baya ya kwantar. 'Yarta Ihsan ta haura shekara ba ta ko tsayuwa, gashi ja-ja, hannu kamar sillen kara. Hindu ce ta auna hannun nan a farkon shirin, ta fito gidan ranta a ɓace. Tun da aka fara ba su garin, yarinyar ta soma rarrafe, har takan kama zanen uwarta ta miƙe. Mariyatu kuwa ta zama gwanar rumfa. Ba ta yi makaranta ba, ba a taɓa ce mata ta iya wani abu a duniya ba sai a wurin nan, don haka ta haddace karatun kaf, kullum hannunta ne farko a sama.

Da lokacin auna shirin ya yi, wato a koma gidajen a tambayi abin da yaro ya ci jiya don a ga ko karatun ya yi amfani, sai shugabar aikin, Hajiya Zahra'u, ta sa ranar fita cikin kwanakin Babbar Salla, washegarin rabon nama. Hindu ba ta iya yin shiru ba.

"Hajiya, ranar ga hwa kowa mai nama na. Ko wanda bai ga tsoka ba tun bara, maƙwabta sun aiko mai."

"To mi ya hi haka kyau?" in ji Hajiya, tana gyara zobe. "Tambaya ta ce jiya, ba ta ce bara ba. Masu ba mu tallahi suna jiran rahoto, ba wa'azi ba."

Sauran zancen sai a mota Hindu ta ji shi, da safen fitar. Duk gidan da yaro ya cika iri biyar an yaye shi daga shirin. Za a ba uwar takardar yabo, a cire ta daga masu karɓar gari. Yawan waɗanda aka yaye shi ne shaidar cewa shiri ya yi nasara. Kuma Hajiya da kanta za ta bi masu tambaya, don kada bakin wata ya yi tsawo. Wato an zaɓi rana ɗaya tak a shekara da talaka ke lasar maiƙo, an zo a kama shi da maiƙon a baki.

Gari kuwa ya zama abin da ya saba zama bayan Salla. An gama tareni, ragunan da aka jera a jikin sanduna kewaye da wuta an sauke su an yanyanka, sai tarin toka a ƙofar kowane gida mai hali. Fatun raguna na wari a rana, kayan ciki sun toshe kwata, ga ɗan ruwan da aka yi ya dama komai, ga zafi, ga ba wutar lantarki. Ƙudaje kam sun yi Salla fiye da kowa. Hindu na tafe tana ɗage zane tana tofar da yawu.

Hajiya ta shiga tsakar gidan su Mariyatu, amma a bakin ƙofar ɗaki ta ci birki, ta danna ƙyalle mai turare a hanci. Hindu ta shiga ta zauna, babbar wayar aikin a cinyarta. Tun kafin ta amsa gaisuwa hancinta ya gano inda ɓarnar take, wani rufaffen kwano a ƙarƙashin gado. Ihsan na kwance a tabarma, an sa mata kwalli da 'yar rigar Salla ta gwanjo, jikinta laƙwas. Ba sai an gaya wa Hindu yarinyar ta kwana tana zawo ba.

Mariyatu ta zauna ta miƙe baya, ta haɗa hannuwa a gwiwa, fuskarta cike da fara'a. Jarrabawa take gani. A tunaninta wadda ta amsa daidai ita za a riƙe, wadda ta faɗi a kore ta.

"Mi Ihsan tac ci jiya da sahe?" in ji Hindu.

"Kunun garinku, Inna. Gero da wake, iri biyu ke nan."

Haka ne kuwa, garin da za a ƙwace shi ya cika gurbi biyu. Nonon uwa ya zama na uku. Ɗan ruwan miyar kuka da aka ɗura mata ya zama na huɗu. Saura ɗaya, kuma Hindu na jin warinsa daga ƙarƙashin gado. Ta janye yatsa daga wayar, ta dubi yarinyar, ta dubi uwar.

"Mariyatu, wagga hwa ba jarrabawa ta ba."

"Hindu," in ji Hajiya ta cikin ƙyalle, "karanta abin da ke rubuce, rana na yi."

Hindu ta so ta faɗi sauran, ta ji tsoro. Gwauruwa ce mai bakuna a gida, aikin nan ne tukunyarta. Kuma ko ta faɗa, me za ta ce? Ta koya wa matar ƙarya? Yarinya dai ta ci nama, wayar kuma e ko a'a kawai ta sani, ba ta da gurbin ruɓaɓɓe.

Tana cikin wannan sai Mariyatu ta yi salati. "Kai, ni 'yasu! Baƙin Salla ban ba su naman gida ba." Ta jawo kwanon ta buɗe.

Hanji ne da tumbi, ragowar da gidan wani attajiri suka aiko bayan sun zaɓe na kirki, an dafa ba isasshen mai, ya kwana cikin zafi. Ya yi kore-kore, yana yauƙi, wani kumfa na tasowa a gefe. Hajiya ta ja da baya har tsakar gida. Mariyatu ta miƙa wa Hindu don fita hakki kawai, tana shirin janyewa yadda aka saba.

Nan wata dabara ta faɗo wa Hindu. Dokar aikin ita ce wadda ta fara tambaya ita ke ƙarasawa. In ciwo ya kama ta, sai a ɗaga gidan zuwa wani mako, kuma kafin wani mako nama ya zama labari, Ihsan za ta koma iri huɗu, gari ya ci gaba da zuwa. Hajiya kuwa tun da aka san ta ba ta taɓa yi wa kowa tambaya da bakinta ba, balle ta taka ɗakin nan. Ciwon ƙarya Hindu ba ta iya shi ba. Na gaske kuma ga shi a cikin kwano.

Ta yi bisimilla, ta sa hannu.

Abin ya sulluɓe mata a yatsa, sai da ta sake kamowa. Ta rufe ido ta jefa a baki. Tsami, ɗaci, santsi, da wani ɗanɗano da ba shi da suna. Idonta ya kawo ruwa, tsikar jikinta ta tashi, ta haɗiye da ƙyar, ta ƙara wani don kada na farko ya gaza.

Mariyatu ta daki ƙirji don murna. Ta leƙa waje ta ƙwala wa maƙwabta kira ta kan katanga: "Ku zaka ku gani! Inna Hindu ta ci nawa! Wallahi ta ci, har ta ƙara!"

Ba a daɗe ba. Hindu ta yar da wayar a tabarma, ta fito a guje, ta durƙusa a bakin makwarara. Amai ya zo kamar zai fito da hanjinta. Cikin wahalar ma tana jin wani ɗan sanyi a ranta, ai dai an ɗaga gidan.

Sai ta ji takun takalmi. Hajiya Zahra'u ta ja numfashi ta riƙe, ta miƙa hannu cikin ɗakin, ta ɗauko wayar da yatsu biyu, ta koma inda iska ke kaɗawa.

"Ke, ɗiyarki ta ci nama jiya?"

Hindu ta ɗago ta buɗe baki, ta manta da tsoro, ta manta da tukunyarta. Abin da ya fito ba magana ba ce. Ta sake duƙawa, tana ji da kunnenta.

"Awo, Hajiya, ta ci!" in ji Mariyatu daga ɗaki. "Ta ci! Nama shina gina jiki, shina ƙara jini. Iri biyar sun cika!"

"Madalla," in ji Hajiya, ta danna.

Hindu ta sha kwanciya, har sai da aka yi mata ƙarin ruwa a gida. Daga ofis an aiko a gaishe ta, tare da albishir cewa rahoto ya yi kyau fiye da yadda aka zata. Ta juya fuska bango.

Wata ranar da hantsi tana zaune tana kurɓar ruwan koko, sai ga sallamar Mariyatu, Ihsan a goye, kanta na lilo. A hannu ɗaya takardar yabo ce an naɗe ta cikin leda kada ta yi datti. A ɗaya hannun kwanon nan ne.

"Sannu da jiki, Inna. Sun ce zazzaɓi na yak kama ki. Na ga kin so naman ga, shi na na shanya sauran na rage maki."

Hindu ta dubi kwanon. Karo na farko a rayuwarta ta dubi ƙazanta ba ta ji komai game da ita ba. Takardar ce ta kasa kallo.

"Zamna, Mariyatu. Kwance ɗiyar, ki ba ni ita tukuna."

Ta karɓi Ihsan ta ɗora a cinya, ta zagaye damtsen yarinyar da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Tana neman ta inda za ta fara, Mariyatu ta warware ledar, ta shimfiɗa takardar a gwiwa tana shafa ta da tafin hannu.

"Inna, garin watan ga shiru har yau, namu ya ƙare tun shekaranjiya. Amma sun ce ni ta ɗaya duk unguwa. Halan wadda tay yi ɗaya ƙulli biyu za a ba ta?"