Hannu biyu a ka, a tsakiyar teku

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, domin wanda zan ba da labarinsa har yau ni nake tuƙa masa tuwo. Lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce, haifaffiyar Rogo, aure ya kawo ni Karaye, ina da 'ya ɗaya da ba a daɗe da yaye ta ba. Irin matan nan ce ni da aka tarbiyyantar a kan cewa in miji yana magana a gaban mutane, ke naki shiru, ko da kin san ƙarya yake shararawa. Na iya Turanci daidai gwargwado, da shi nake cin abinci, amma in mun fita tare sai in naɗe nawa in sa a jaka, in bar shi ya yi ta kwaɓa nasa, wai don kar in kunyata shi. A lokacin ladabi nake kiran wannan hali. Yanzu kam na san wauta ce tsagwaronta.

Maigidan nawa ɗan kasuwar hatsi da gyaɗa ne, ya saya da kaka a kasuwar Rogo, ya ɓoye, ya fitar da bazara. Ba zan ci amanarsa ba, ya iya neman kuɗi. Amma wajen cika baki Allah ya yi masa baiwa ta daban. Asalinsu 'yan Yola ne, Yolar nan tamu ta Karaye, amma in baƙo ya tambaye shi garinsu sai ya ce Yola ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar mutum ya ɗauka ta Adamawa ce. Babban kirarinsa kuwa shi ne duk ɗan Karaye kifi ne, tunda ga dam a bayan gari. Tun muna zance yake ba ni labarin yadda yake tsallake dam ɗin nan da iyo yana yaro, ni kuma 'yar Rogo, wadda ruwan da ta sani bai wuce na bokiti ba, na hau kai na zauna. A shekarar da gyaɗa ta yi masa kyau, wani abokin hamayyarsa a kasuwa ya je wani tsibiri a gabashin Afirka ya cika waya da hotuna. Gogan naku ya kasa barci, ya ce mu ma sai mun je tsibirin nan. Na ce mu je Umara mana, ya ce wannan kowa na zuwa. Haka na kai 'yata wajen Innata a Rogo, tana kuka ina kuka, muka kama hanya.

Tsibirin dai ba shi da laifi, gaskiya ɗaya ce. Mutanensa Musulmi ne masu fara'a, kiran sallah yana tashi kamar a gida. An zagaya da mu tsohon gari mai lunguna, an kai mu gonakin kanumfari da kirfa, na ga manyan kunkuru waɗanda ɗaya ya kai turmi. Sai dai duk abin da na gani ta bayan ƙeyar maigida na gan shi, domin ko ina muka tsaya sai ya miƙo min waya in ɗauke shi. Ya dafa kunkuru, ya rungume bishiyar kwakwa, ya sa baƙin tabarau ya kalli sama. Kafin mu koma masauki ya ɗora a sitatus ɗin wayarsa kowa ya gani, sannan ya zauna yana duba ko abokin nasa ya gani. Ko ruwan tekun bai taɓa da yatsa ba, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Rannan da hantsi aka ɗauke mu a kwalekwale mai inji zuwa inda ake leƙen kifi. Yadda abin yake, za a ba ka wani tabarau na roba mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu da za ka cije a baki kana numfashi ta cikinsa, sai ka kwanta rub da ciki a kan ruwa kana kallon abin da ke ƙasa. Muna shiga ya lura yawancin fasinjojin maza ne, wasu ko riga babu, nan take kishi ya motsa. Ya kai ni can ƙarshen jirgin ya zaunar da ni a gindin inji, ya ce in zauna nan, duk abin da aka faɗa zai zo ya gaya min. Ina hango mai yi mana jagora ya miƙe a gaba yana bayani, yana ɗaga hannu yana saukewa, amma ƙarar inji ba ta bar ni na ji ko kalma ɗaya ba. Shi kuwa tafintan nawa ya juya wa mutumin baya yana ɗaukar kansa hoto. Da ya dawo na tambaye shi me aka ce, sai ya yatsine fuska ya ce surutu ne kawai, wai kar a taɓa kifi, kar a taka duwatsun ƙasa. Na ji a jikina bayanin ya fi haka tsawo, amma na haɗiye.

Da aka kashe inji kowa ya fara shiri, sai kifin Karaye ya dafe ciki. Wai abincin jiya bai karɓe shi ba, ga waya, ga agogo, kuma in ya shiga wa zai ɗauki bidiyo? Ni ce zan shiga. Na raɗa masa cewa ya fa san ban iya ruwa ba, ya ce rigar ceton da za a sa min ba ta barin mutum ya nutse, kuma abin kunya ne a ce matar ɗan Karaye tana tsoron ruwa. Mai jagoran ya tambaya ko na iya iyo, kafin in buɗe baki maigida ya amsa masa da cewa ƙwarai kuwa. Mutumin ya matso zai ɗaure min igiyoyin rigar, gogan ya tare shi da hannu, wai shi zai ɗaure wa matarsa. Ya ɗaura ta sakwa-sakwa a kan doguwar rigata da hijabi. Na yi bisimilla na sauka ta tsani.

Ba zan ɓoye muku ba, da na kifa fuskata na ga ikon Allah. Kifaye shuɗɗa da rawaya da masu zane-zane kamar atamfa suna wucewa garke-garke ta ƙarƙashina, har na manta da tsoro ina tasbihi a zuci. Ban san ruwan yana jana ba. Sai wata igiyar ruwa ta zo ta cika bututun, na shaƙi ruwan gishiri har ƙwaƙwalwa. Na ɗago a firgice na tofar da shi, rigar ceton nan da ba a ɗaure da kyau ba ta zame ta haye min wuya ta shaƙe ni, doguwar rigata ta naɗe min ƙafafu. Ina tari, wani ruwan yana shiga. Na waiga na ga jirgin ya yi min nisa, sauran mutane kuma duk sun kifa kai suna kallon kifi. Wallahi 'yata kawai nake gani a idona, tana zaune a tsakar gidan Inna tana jirana.

To, me Bahaushiya take yi in masifa ta auko mata? Na ɗora hannu biyu a ka na kurma ihu. Iska ta kwashe ihun, amma hannuwan ana ganinsu. Ina hango maigida tsaye a bakin jirgi, ya saita ni da waya. Na ga ya juya ya yi wa mai tuƙi magana, mai tuƙin ya dube ni, ya ɗora nasa hannun a kansa yana murmushi, maigida kuma ya ci gaba da ɗauka. Ruwa ya rufe ni, na taso, na sake ɗora hannu a ka. Aka sake mayar min da murmushi. Na fara kalmar shahada. Allah da ya nufa ina da sauran shan ruwa a duniya, wata tsohuwar Baturiya da ke iyo kusa ta ji tarina, ta ɗago, ta riƙo ni ta baya tana kaɗa hannu ɗaya sama. Nan da nan mai jagoran ya faɗo ruwa da tayar ceto, aka jawo ni.

Ina kwance a cikin jirgi ina aman ruwa, mai jagoran ya durƙusa yana ba ni haƙuri. A karo na farko na yi magana da shi da bakina, da Turancin da nake ɓoyewa. Ya ce ai ya yi bayani tun a hanya, har sau biyu: wanda yake lafiya lau ya ɗora hannu a ka, wanda yake cikin matsala ya kaɗa hannu sama. A wurinsu, ni ina ta sanar da su ne cewa ina jin daɗi. Ban ga laifinsu ba, yarensu ke nan. Na dubi maigida, sai ya ce to ai ga shi nan, rashin fahimta ne, kuma ni ma na cika raki. Ko sannu sai da Baturiyar nan ta harare shi sannan ya yi min.

Na ɗauka kunya za ta sa ya goge bidiyon. Ina! Da muka dawo muka je Yola gaida Hajiya mahaifiyarsa, ƙannensa da matan yayyensa suka cika ɗaki, sai ga shi ya zaro waya yana nuna musu yadda ya kai iyalinsa shaƙatawa. Ana ta santi. Hajiya ta ce a miƙo mata. Tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, ta kai wayar dab da fuska. Ta kalla, ta ce a mayar baya a ƙara murya. Aka ƙara. A nan ni ma na fara jin abin da ban ji ba ina cikin ruwa. Muryarsa ce, ƙasa-ƙasa, da Hausa, yana cewa anya kuwa lafiya? Sai muryar mai tuƙi tana cewa komai daidai, sai dariyarsa, sai ya ɗaga murya yana cewa jama'a ga uwargida tana hutawa.

Hajiya ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce, "Ɗan nan, yarinyar mutane ta ɗora hannu a ka, kai kuma kana ɗaukarta hoto?"

Ya fara in-ina, ya ce ai Hajiya a can ƙasar wannan alamar tana nufin lafiya lau.

Ta ce, "Su ba su sani ba. Kai fa, a can aka haife ka?"

 Ta juyo gare ni tana hawaye ta ce in yafe mata, da ta san cikin ruwa zai kai ni da ta gaya min tun wuri, domin ɗan nata ko bakin dam bai taɓa yarda ya je ba tun yana yaro, in abokansa sun tafi wanka shi ne mai tsaron takalma.

Daga Yola Rogo na wuce, na rungume 'yata na yi kukan da ban yi a teku ba. Na daɗe a gida. Hajiya ce da kanta ta hau mota ta zo biko, darajarta da ta yarinyar nan suka mayar da ni. Shi kuwa turmin atamfa ya aiko, shuɗiya mai zanen kifi, ko ya lura ko bai lura ba oho. Tana nan a ƙasan akwati ban ɗinka ba. Ina yi masa duk abin da addini ya ɗora min, amma girman nan da nake ganinsa da shi ya nutse a can, ba wanda ya tsamo shi. Yanzu in ya fara ba baƙi labarin teku sai in shigo da ruwan sha in tsaya ina kallonsa, nan take zai koma zancen farashin gyaɗa.

Abin da nake so 'yan'uwana mata su ɗauka shi ne, in maganar ranki ake yi, tashi ki matsa gaba ki ji da kunnenki, ko a jirgi ne ko a asibiti. Abin da ba ki iya ba ki ce ba ki iya ba da bakinki, kar ki bari a amsa miki, domin iya ruwa fid da kai. Na yi shiru don in rufa wa namiji asiri, saura ƙiris 'yata ta zama marainiya. Rashin iya iyonsa ban riƙe shi a raina ba, tsoro halitta ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, duk cikin jirgin nan mutum ɗaya ne tak ya san abin da hannu biyu a ka yake nufi, ya kuma gane, har ya tambaya, sannan ya ci gaba da ɗaukar bidiyonsa.