Murhun Da Madam Zuhura Ba Ta Kunna Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Satumba 2025, labari ya iso mana Gaya cewa Allah Ya karɓi ran Madam Zuhura Yahaya, malamar jami'ar da ke zuwa koya mana gyaran kifi. Ni Tani, shugabar mata masu bandar kifi a bakin kogi, ina tsakiyar fasa itace aka gaya mini. Na ajiye gatari na zauna a ƙasa.

Madam, farkon zuwanki mun ɗauka irin baƙin nan ce masu ɗaukar hoto su wuce. Sai ga ki kin ɗaura zane, kin tsuguna cikin hayaƙi kina juya tarwaɗa, idanunki na zuba. Kika dubi Barira, dattijuwar cikinmu, da tari ya hana ta magana, kika ce, "Iya, kifi kuke bandawa ko ƙirjinku?" Muka yi dariya, ke ba ki yi ba.

Tun ranar ba ki huta ba. Kin koya mana wanke kifi da ruwan gishiri, da zuba shi a leda mai tsabta har 'yan kasuwar Malanville da ke tsallaken kogi suka daina yi mana tayin raini. Kin sa jami'a ta gina mana rufaffen murhun bulo mai fitar da hayaƙi sama, don mu tsira da idanu da huhu.

A wajenmu, wadda ta kawo sabon murhu ita ke sa masa wutar farko, ita ke ɗanɗana kifin farko. Kin ce mu kunna abinmu, muka ƙi, muka ce sai kin zo. Muka ci gaba da shan hayaƙin tsohon rami muna duban hanya, ashe kina kwance asibiti ba ki bari an gaya mana ba. Barira ma yanzu tarin ya kwantar da ita, ba ta iya fitowa. Wannan jiran yana ci mini rai.

Ranar sadakar bakwai na sa wutar da hannuna, ina tsoron kada mu ƙona kifin ba mai gyara mana. Ya fito jawur kamar yadda kika faɗa. Ba wadda ta iya kai shi baki, muka rabar da shi sadaka da sunanki.

Muna miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Sa'idu, da 'yarki Zara, da ɗalibanki. Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya raba ki da wuta da hayaƙinta kamar yadda kika so raba mu da namu. Amin.