Unguwar da Yaya Bitrus Ya Shimfiɗa a Kan Baba

Shekara arba'in ke nan da muka binne yayana Bitrus, kuma har yau in na sauka daga mota a Kafanchan sai na ji haushinsa da kewarsa sun taso mini tare.

Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai zanen taswira. Bayan yaƙin basasa, da gari ya cika ya fara tumbatsa, sai ya shawo kan dattawanmu su ba da gonakin dangi na bayan gari a yanka sabuwar unguwa. Gidaje, layin shaguna, tasha, makaranta, har da filin majami'a, duk ya zana da hannunsa. Ni lokacin sabuwar malama ce, ina ta yi wa ƙawayena kuri da shi.

Mama ce kaɗai ta kafa sharaɗi. Babanmu yana kwance a cikin gonar, ba siminti ba rubutu, sai dutse ɗaya da shingen ƙerana, itacen nan mai ƙaya. Ta ce a gefensa za a sa ta.

"Mama, ko taku ɗaya ba za a taɓa ba," in ji Yaya. "Zan sa shi a taswira."

Safiyon da aka turo daga Kaduna, wato mai awon fili, baƙo ne. Ya tara dattawa ya tambaye su ko akwai kabari a filin. A wajenmu kuwa ba a nuna kabari da yatsa, ba a kuma kai baƙo wurin. Kowa ya sunkuyar da kai, shi kuma ya rubuta babu. Yaya ya san wannan al'ada sarai, amma bai duba takardar ba, don a ganinsa kowa ya san inda Baba yake. Ranar da katafila ta shigo Yaya yana Kaduna wajen sa hannu a takardun unguwar. Kafin ya dawo an share ƙerana da dutsen, fili ya zama fetal kamar tafin hannu.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin filin ta ce, "Bitrus, ina ka kai mini miji?" Ba ta ƙara tayar da maganar ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Wata da watanni yana yawo da igiyar awo, ya tona nan ya tona can, har leburori suka fara yi masa kallon taɓaɓɓe. Da Mama ta rasu, a maƙabartar majami'a muka sa ta, cikin baƙi. Shi ma bai yi shekara uku ba ya bi ta.

Yau unguwar ta cika maƙil, 'yan acaɓa da masu injin niƙa ba sa barin mutum ya ji maganar kansa. Da Yaya zai gani, na san zai fara duba kwalbatoci, kuma zai tarar har yanzu ruwa yana bi inda ya tsara masa. Aikinsa ya yi ƙarko, wannan ba zan hana shi ba. Yaran da aka haifa a gidajen nan ba su san sunansa ba, balle na Baba.

Ni dai na yafe wa Yaya, Ubangiji ya sani, amma ban huce ba. Duk shekara nakan kai fure kabarinsa da na Mama. Na ukun kuwa, na Baba, sai in yi ta zagaye da shi tsakanin tasha da layin shaguna, har ya yanƙwane a hannuna in koma da shi gida.